Yadda sanata ɗaya ya ɗaure naɗin shugaban cibiyar daƙile leƙen asiri a Amurka

A watan Fabrairun 2018, Shugaba Donald Trump ya miƙa wa Majalisar Dattawan Amurka sunan William Evanina domin shugabancin cibiyar NCSC, mai tsara dabarun daƙile 'yan leƙen asirin ƙasashen waje. Sai ranar 6 ga Mayun 2020 aka tabbatar da shi, da ƙuri'a 84 a kan 7.

Sanata Chuck Grassley, ɗan jam'iyyar Trump, shi ya ɗaure naɗin tun Yunin 2018. Bai tuhumi cancantar Evanina ba. Garkuwa ya yi da sunansa har sai gwamnati ta ba shi takardun da ya nema kan binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016.

Al'adar majalisar ce ta ba shi wannan dama. Galibin naɗe-naɗe suna wucewa nan take idan babu mai ja. Da zarar sanata ɗaya ya ƙi, dole shugaban masu rinjaye ya ware kwanaki daga ƙurarren lokacin majalisa domin muhawara da ƙuri'a.

Evanina, wanda a lokacin yake riƙe da ofishin tun 2014, ya ci gaba da aiki ba tare da sahalewar majalisa ba, har saura wata shida a yi zaɓen 2020.