Kiwon Ƙananan Jatan Lande a Akwatin Gilashi

Da yawa daga cikin masu karatu sun san jatan lande ne a busashe, wato kirayfish ɗin da ake dakawa a zuba a miya. To, akwai wasu 'yan'uwansa na ruwan daɗi waɗanda ba don ci ake kiwonsu ba, sai don kallo da nazari. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda masana ke kira Neocaridina davidi, ɗan asalin ƙoramun Taiwan da Sin. Tsawonsa bai cika wuce santimita 3 ba, kuma yakan rayu shekara 1 zuwa 2.

A ƙoramunsu na asali launinsu ruwan ƙasa ne dishi-dishi, abin da ke ɓoye su daga kifaye. Ja da shuɗi da rawaya da ake gani a wajen masu kiwo aikin zaɓe ne: a ware mafi ja a haɗa da mafi ja, zuriya bayan zuriya. Idan aka cakuɗa launuka a akwati ɗaya, jikoki sukan koma ruwan ƙasa irin na kakanninsu. Malamin da ke koyar da ilimin gado zai iya samun misali mai saurin nuna sakamako a nan, domin mace takan ɗauki ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta, tana fifita su da ƙananan ƙafafunta, su ƙyanƙyashe cikin mako 3 zuwa 4.

Abinci ba matsala ba ne. Gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke tsinta. Wahalar tana ga ruwa. Kashinsu da ragowar abinci suna sakin sinadarin amoniya, wanda guba ne. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da shi naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, mai sauƙin illa. Ƙwayoyin suna buƙatar kamar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, saboda haka wanda ya cika akwati yau ya zuba dabbobin gobe, gawarwaki zai kwasa. Sinadarin kulorin na ruwan famfo shi ma yana kashe su, har da ƙwayoyin.

Wani abin mamaki shi ne jan ƙarfe. Jininsu da shi yake ɗaukar iskar oksijin, kamar yadda namu ke amfani da baƙin ƙarfe, amma kaɗan ya ƙaru a cikin ruwa sai ya hallaka su. Haka ma maganin sauro na feshi. Kada a fesa shi a ɗakin da suke.

Da yake ɓawonsu ba ya girma, dole su riƙa yin saɓa kamar maciji. Sabon ɓawo yana buƙatar kalsiyam, shi ya sa akan bar musu tsohon su cinye.

Ga ɗalibin da ke Kano ko Sakkwato, babban ƙalubale shi ne bazara. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 26 a ma'aunin Salsiyos, alhali zafin Afrilu yakan haura 40, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa. A ajiye akwatin nesa da taga, a sa fanka ta riƙa busa saman ruwan. Tururin da ke tashi zai sanyaya shi, kamar yadda randa ke yi.

In sun yi yawa, a ba wani mai kiwo, kada a zuba su a rafi. Waɗanda aka saki sun riga sun kafu a ƙoramun Hawai, inda suke gogayya da jatan landen wurin.