Maƙabartar Assistens: Inda Manyan Ƙasar Danmak Suke Kwance

Duk wanda ya bi babban titin unguwar Nørrebro da ke birnin Kopanhagen, hedkwatar ƙasar Danmak, zai ga wata doguwar katanga mai ruwan ɗorawa ta miƙe a gefen hanya kamar ba za ta ƙare ba. In ya leƙa ta ƙofa sai ya ga itatuwa dogaye sun yi sahu biyu, masu kekuna suna wucewa ta tsakaninsu, mata suna tura jarirai cikin 'yan kekunansu, samari kuma sun baje a kan ciyawa suna shan hantsi. Baƙo zai rantse lambun shaƙatawa ne. Sai ya matsa ciki zai lura da duwatsun da ke tsakanin furanni, kowanne da suna da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Wannan ita ce maƙabartar Assistens, inda ake binne mutane tun shekarar 1760, kuma a nan ne da yawa daga cikin waɗanda suka fito da sunan ƙasar a duniya suke kwance.

Asalinta ba abin alfahari ba ne. A zamanin da, mutanen birnin suna binne matattunsu a harabar majami'u, masu hali kuwa har a ƙarƙashin daɓen majami'ar. To, a cikin shekarar 1711 sai annoba ta faɗa wa birnin, ta kashe fiye da mutum 20,000, watau wajen sulusin jama'ar garin. Harabobin suka cika maƙil, wari ya dami mutane, aka yi ta lallaɓawa da ƙananan filaye har dai aka yanke shawarar a fita bayan ganuwa a keɓe babban fili. Sunan da aka ba ta ma ma'anarsa maƙabartar taimako, wadda za ta rage wa na cikin gari nauyi. Shekara 25 tana nan, ba wanda ake kai wa sai matalauta, domin mai arziki yana ganin wulaƙanci ne a fitar da gawarsa bayan gari. Sai a 1785 wani babban ma'aikacin ofishin yaƙi, mai sha'awar ilmin taurari, Johan Samuel Augustin, ya bar wasiyya cewa a can yake so a binne shi. Da ma manya ɗan uwansu suke kallo. Kafin a jima attajirai da malamai sun shiga sayen filaye suna kafa duwatsun alfarma.

Shan iska a cikinta ma ba sabon abu ba ne. Tun farkon ƙarni na 19 mutanen birni suke fitowa ran hutu da kwandunan abinci, su shimfiɗa mayafi a kan kabari su ci su sha. Abin ya kai har a 1805 hukuma ta hana ci da sha da kiɗa a wurin, ta ɗora wa masu haƙar kabari alhakin tsare dokar. An ba kura ajiyar nama ke nan, gama bayan 'yan shekaru sai da aka sake yin wata dokar ta hana su kansu masu haƙar sayar wa maziyarta barasa.

Akwai laifin da ya fi wannan muni da aka jingina musu. A tsohon sashen maƙabartar akwai kabarin wata matashiya, Giertrud Birgitte Bodenhoff, matar wani hamshaƙin attajiri wadda mijinta ya mutu ya bar mata dukiya, ita ma ta rasu a 1798 tana da shekara 19. Labarin da ya bazu a gari shi ne, wai ba ta mutu ba aka binne ta, dogon suma ta yi. Da dare ɓarayin kabari suka buɗe akwatin don su kwashe kayan adonta, zafin fizge 'yan kunne ya farkar da ita, ta roƙe su su fitar da ita, su kuwa don tsoron tonon asiri suka ƙarasa ta. An yi shekara fiye da 150 ana wannan magana, har a 1953 aka tone kabarin don a gani da ido. An tarar ƙasusuwan ba su kwanta yadda ake kwantar da gawa ba, amma masana ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba.

Irin wannan tsoro ya bi mutumin da kabarinsa ya fi kowanne samun baƙi, watau Hans Christian Andersen, mai tatsuniyoyin nan da aka fassara cikin harsuna fiye da 100. An ce yakan ajiye 'yar takarda kusa da gadonsa don a san barci yake yi, kuma ya roƙi a yanke masa jijiya kafin a rufe akwatinsa. An haife shi a garin Odense a 1805, ubansa baduku mai ɗinkin takalma, uwarsa mai wankau. Ya shigo Kopanhagen yana da shekara 14, ba shi da kowa, sai wani babban ma'aikacin gwamnati, Jonas Collin, ya tsaya masa aka sa shi makaranta. Ya shaƙu da ɗan gidan, Edvard, har a 1831 ya rubuta masa takarda yana roƙon su daina kiran juna da lafazin girmamawa, su koma na abokai, kamar dai bambancin "ku" da "kai". Edvard ya ƙi. Wannan ƙi ya zauna wa Andersen a zuciya har tsufansa, ko da yake sun ci gaba da zumunci, kuma Edvard ne yake lura masa da kuɗinsa. Da ya rasu ran 4 ga Agusta 1875, Sarkin ƙasar da kansa ya halarci jana'izarsa. Aka binne shi a fili ɗaya da wanda aka tanada wa Edvard da matarsa, su ma daga baya aka kawo su. Amma da surutu ya yi yawa game da yadda gidan Collin suka riƙe shi, sai zuriyarsu suka ɗauke dutsen iyayensu suka mai da shi wata maƙabarta a Frederiksberg. Yau maziyarta sukan bar wa ɗan badukun furanni da 'yan wasiƙu a gindin dutsensa.

Tafiya kaɗan daga nan sai kabarin Søren Kierkegaard, wanda sunan gidansu ma a harshensu maƙabarta yake nufi. Malamin falsafa ne da tauhidin Kirista, wanda bai samu karɓuwa sosai a waje ba sai bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya ɗaura yaƙi da majami'ar gwamnati, yana buga ƙasidu yana cewa limamanta ma'aikatan albashi ne kawai, sun mai da addini abin jin daɗi. Ya faɗi a kan titi a watan Oktoba na 1855, aka kai shi asibiti, ya ƙi karɓar jibin ƙarshe daga hannun limami, ya cika ran 11 ga Nuwamba yana da shekara 42. Duk da haka a babbar majami'ar birnin aka yi masa addu'a, wansa wanda shi ma limami ne ya yi jawabi. Da aka iso bakin kabari sai ɗan 'yar'uwarsa, wani matashin likita mai suna Henrik Lund, ya tsaya gaban jama'a ya ce majami'a ta yi fashin gawar mutumin da ya barranta da ita. Aka ci shi tara. In an duba da idon basira yaron yana da hujja, sai dai bakin kabari ba wurin shari'a ba ne. Regine Olsen, yarinyar da Kierkegaard ya yi wa baiko sa'an nan ya fasa a 1841, kuma bai daina ambatonta cikin rubutunsa ba, ita ma tana cikin wannan maƙabarta tare da mijin da ta aura. Ta rayu har 1904.

Masana kimiyya ma suna nan. Akwai Hans Christian Ørsted, wanda a 1820 ya lura cewa in wutar lantarki ta bi ta waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata, daga nan aka gane dangantakar lantarki da maganaɗisu, wadda injunan lantarki suka dogara a kanta. Akwai kuma Niels Bohr, mai bayanin ƙirar ƙwayar zarra, wanda ya sami lambar Nobel a 1922, ya tsere zuwa Suwidin a 1943 lokacin da sojojin Jamus suke riƙe da ƙasarsa, ya rasu a 1962. A kan ginshiƙin kabarin gidansu an sassaƙa mujiya. Kada mai karatu ya yi mamaki, wurin Turawa alamar hikima ce.

Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma akwai kaburbura biyu da ya kamata ya nema, ko da yake ba su ne ake rububi a kansu ba. Na farko na Rasmus Rask ne, masanin harsuna da ya yi yawo har Farisa da Indiya, ya rasu a 1832 bai cika shekara 45 ba. A jikin dutsensa akwai rubutu da harsuna dabam-dabam, har da Larabci. A 1828 ya buga ɗan littafin koyon harshen mutanen Ankara, watau Ga, na ƙasar Gana ta yau. Dalili kuwa shi ne, a lokacin Danmak tana da garuruwan tsaro a wannan gaɓa, babbansu Christiansborg da ke Osu, wanda ta sayar wa Ingila a 1850, daga baya ya daɗe yana zaman fadar gwamnatin Gana. Ta waɗannan wurare da makamantansu jiragen Danmak suka kwashe 'yan Afirka wajen 100,000 zuwa ƙetaren teku, da yawansu zuwa gonakin rake na tsibiranta uku da ke yankin Karibiyan. Gwamnatin ta yi dokar hana fataucin bayi a 1792, wadda ta fara aiki a 1803, amma bautar kanta ta ci gaba shekara 45 bayan haka.

Kabari na biyu shi ne hubbaren Peter von Scholten, gwamnan waɗannan tsibirai. Ran 3 ga Yuli 1848 dubban bayi suka taru a garin Frederiksted na tsibirin St. Croix, suka ce ko 'yanci a ranar ko su ƙone garin. Gwamna ya iso ya shelanta cewa daga ranar babu sauran bawa, ba tare da ya jira izni daga Kopanhagen ba. Masu gonaki suka tayar masa, ya koma gida aka gurfanar da shi, aka same shi da laifi, sai kotun ƙoli ce ta wanke shi daga baya. Ya rasu a 1854. An daɗe ana ba da labarin kamar kyauta ce ya yi, alhali mutanen da suka cika filin garin ran nan su ne suka tilasta masa. Shi yana da hubbare a Assistens, galibinsu kuwa ko sunayensu ba a kafa a kan dutse ba. Tsibiran an sayar wa Amurka a 1917 a kan dala miliyan 25.

Ba 'yan ƙasa kaɗai ke ciki ba. Ben Webster, Baƙar fatan Amurka mai busa a kiɗan jaz, wanda ya zauna a Kopanhagen a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1973, a nan aka ajiye tokarsa. Mawaƙiya Natasja Saad, wadda mahaifinta mutumin Sudan ne, ta rasu a haɗarin mota a Jamaika a 2007, ita ma a nan take.

Sai dai kabari a Danmak ba na har abada ba ne. Doka ta ba akwatin gawa aƙalla shekara 20 ba a taɓa shi ba, tukunyar toka kuma shekara 10. Bayan nan in dangi ba su sabunta biya ba, ana iya ɗauke dutsen a ba wani filin, sai fa kaburburan da hukuma ta keɓe saboda tarihi. Wannan ya sa ciyawar da ake kwanciya a kai take da yawa, domin galibinta tsofaffin kaburbura ne da masu su suka ƙare. Birnin da a da maƙabartar take bayan ganuwarsa ya kewaye ta ta kowace fuska, har ya fara gutsurarta. Da aka tashi gina sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai aka zaɓi kusurwarta ta wajen Nørrebros Runddel, masana kayan tarihi suka tone ɗaruruwan kaburbura, aka sake binne ƙasusuwan a wani sashe. An buɗe tashar a 2019, kuma matafiyin da ya hau matakalarta ya fito sarari, katangar nan mai ruwan ɗorawa ce farkon abin da zai gani.