Akwatin totur ba ya ƙara wa injin ƙarfi

Ana ta yayata cewa ɗan akwatin nan da ake jonawa a bayan totur, irin su Pedal Commander da Sprint Booster, yana ƙara wa mota ƙarfi. Ko ƙarfin doki ɗaya ba ya ƙarawa. A tsofaffin motoci, wayar ƙarfe ce ke tashi daga ƙafar direba zuwa murfin da ke buɗe wa injin iska. Tun da BMW ta fito da totur na lantarki a ƙarshen shekarun 1980, wayar ta yi ta ɓacewa, har ƙafa ta koma 'yar aike. Na'urori biyu a jikin totur ke auna zurfin taku, ƙwaƙwalwar mota ta duba, sannan ta sa wani ɗan moto ya buɗe murfin. Akwatin tsakani yake shiga ya yi zuƙi ta malle: ka taka kwata, ya ce rabi ka taka. Amma in ƙafa ta kai ƙasa, murfin ya riga ya wangale, da akwati ko babu.

Wani zai ce ai da jikinsa ya ji motar ta canza. Gaskiyarsa. Kamfanoni da gangan suke tausasa farkon taku, don tsimin mai da rage hayaƙi, kuma don kada mota ta riƙa fizga. Akwatin na kawar da wannan nawar, giyar otomatik ma ta sauko da wuri saboda ta ɗauka an danna sosai. Kusan abin da maɓallin Sport ke yi ke nan kyauta a motoci da yawa. Sai dai kaifin yana da tsada: a cunkoso ko wajen fakin, ɗan taɓi kaɗan sai mota ta zabura. Zancen cewa akwatin na tsimin mai kuwa, sassauta ƙafa ma na yin hakan.

Masu cewa totur na lantarki kan kwasa da gudu shi kaɗai suna kafa hujja da motocin da Toyota ta janye a 2009 da 2010. Binciken injiniyoyin NASA da aka fitar a Fabrairun 2011 bai gano laifin lantarki ba; shimfiɗar ƙafa da ke danne totur, da totur mai maƙalewa, su aka kama. In na'urorin nan biyu masu auna taku suka saɓa wa juna, ƙwaƙwalwar rage ƙarfin injin take yi ta kunna fitilar gargaɗi, kuma akwatin da aka jona a karkace na iya jawo hakan a tsakiyar titi.