Sarrafa Kwamfuta Da Ido: Ina Rabon Marasa Lafiyar Adar?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki ya san cewa abin da ya fi ciwo shi ne ranar da baki ya mutu. Mara lafiya yana ji, yana gani, amma ko ruwa ba zai iya roƙa ba. Irin waɗannan bayin Allah na cikin waɗanda na'urar bin motsin ido take taimaka wa.

Na'urar tana haska ido da wani haske da mutum ba ya gani, kyamara kuma ta lura da inda ƙwayar ido ta karkata. Idan mutum ya tsayar da kallonsa kan harafi na ɗan lokaci, kwamfuta sai ta ɗauka ya danna shi. Kamfanin Tobii na ƙasar Suwidin, da aka kafa a 2001, ya yi suna a wannan fanni. Microsoft ya sanya tsarin a Windows 10 a 2017, Apple kuma a iPhone a 2024.

To amma a Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, inda 'yan cirani da iyalansu suka dogara da saƙon murya na WhatsApp, akwai matsalar da ta fi tsadar na'ura. Rubutu da ido sai wanda ya iya karatu. Tsohon da bai yi boko ba, ko an kawo masa na'urar kyauta, haruffan nan ba su da amfani gare shi sai an sa masa hotuna: ƙoƙon ruwa, tabarma, buta. Ga hasken rana mai ƙarfi da ke rikita na'urar, ga yanar ido da ke damun tsofaffi.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne manhajar Look to Speak da Google ya fitar a 2020 don wayoyin Android, inda ake zaɓar jimla ta hanyar duban hagu ko dama.

Kafin duk wannan, ɗan jaridar Faransa Jean-Dominique Bauby, wanda jikinsa ya shanye a 1995, ya rubuta littafi sukutum da ƙifta idonsa na hagu. Ana karanto masa haruffa, yana ƙiftawa idan an zo kan wanda yake so. Littafin ya fito a 1997. Mai jinya a Tawa zai iya fara wannan yau da kwali da alƙalami: ƙiftawa ɗaya "i", biyu "a'a".