Yadda Likitocin Iyali a Amurka Suke Kai Kukan Karkara Majalisar Jiha

'Yan'uwa manoma, mun saba jin cewa Amurka ƙasar arziki ce, amma mutanen karkararta ma suna fama da rashin likita. Daga shekarar 2010 zuwa yau, asibitocin karkara fiye da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya. Manomi yakan yi tafiyar mil da yawa kafin ya ga likita, wani kuwa ko ya isa ba shi da abin biya. A wannan fitowa za mu bayyana yadda likitocin iyali na can suke neman maganin abin.

Likitan iyali shi ne mai duba dukan gida, daga jariri da mai ciki har tsoho. A ƙananan garuruwa sau da yawa shi kaɗai ne likita. Waɗannan likitoci sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1947, tana kuwa da reshe a kowace jiha.

Don me sai majalisar jiha?

A 1965 aka kafa Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati domin marasa ƙarfi. Gwamnatin tarayya tana ba da aƙalla rabin kuɗin, jiha ta cika sauran. Amma jiha ce take tafiyar da shirin, ita ce kuma take yanka abin da za a biya likita. Takardar izinin aikin likita ma daga jiha take fitowa.

A 2010 aka yi dokar faɗaɗa Medicaid domin ya kai ga ma'aikata masu ƙaramin samu. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba tilas ba ne, kowace jiha ta zaɓa. Tun daga nan maganar ta koma hannun jihohi.

Abin da suke roƙo

Na ɗaya, a faɗaɗa Medicaid, gama tarayya ce take ɗaukar kashi 90 cikin 100 na kuɗin sababbin shiga. Na biyu, a ƙara ladan likita. A jihohi da yawa ladan yana da ƙanƙanta, har wasu likitoci ba sa karɓar masu Medicaid. Kati a hannu ba likita, ina amfaninsa?

Na uku shi ne duba majiyyaci daga nesa, ta waya ko ta kwamfuta mai nuna hoto. Mai hawan jini ko ciwon sukari ba kullum ne sai ya je asibiti ba. Jihar Kalifoniya ta yi doka a kan wannan tun 1996, amma sai lokacin annobar korona a 2020 abin ya bazu, da aka sassauta dokoki na ɗan lokaci. Bayan annobar likitoci suka nemi a mai da sassaucin doka mai ɗorewa. Sun roƙi a biya duba ta waya daidai da duba ido da ido, gama idan ladan ya gaza, ƙaramin asibiti ba zai iya ci gaba da yi ba. Sun kuma roƙi a yarda da wayar murya kaɗai, domin ƙauyuka da yawa ba su da intanet mai ƙarfi.

Yadda suke yi

Ba su tsaya ga aika takarda ba, gama zuwa da kai ya fi saƙo. A jihohin Kansas da Nebraska, likitocin iyali suna karɓa-karɓa lokacin zaman majalisa, ɗaya ya zo ya wuni yana duba duk wanda ya kasa lafiya a ginin, kyauta. Ta haka 'yan majalisa suke sanin fuskarsu. In an kawo shirin doka gaban kwamiti, likita yakan tashi ya faɗi abin da ya gani da idonsa a garinsu.

Ba kullum ake nasara ba. A Kansas, ƙasar alkama da shanu, majalisa ta yarda da faɗaɗa Medicaid a 2017, amma Gwamna Sam Brownback ya ƙi sa hannu. A Karolina ta Arewa kuwa an shekara goma ana ja, sai a 2023 dokar ta wuce, aka buɗe ƙofa ga mutane wajen 600,000. Zuwa ƙarshen 2023 jihohi 40 cikin 50 sun faɗaɗa. A Yulin 2025 kuma tarayya ta yi dokar rage kuɗin Medicaid, ta sa wa sababbin shiga da yawa sharaɗin aiki na awa 80 a wata. Wanda ya samu ma, sai ya tsare abin da ya samu.

Ina ruwanmu?

A Nijeriya ma dokar 2022 ta mai da inshorar lafiya tilas, ta tanadi asusu domin marasa ƙarfi, jihohi kuwa suna da nasu hukumomin. Kano ta yi dokar tata tun 2016. Ashe abin da zai kai ga manomi ya rataya ƙwarai a kan kuɗin da majalisar jiha ta ware.

Saboda haka, a taronku na gaba ku tambayi juna: mutum nawa cikinmu suka yi rajista? Asibitin da aka rubuta mana yana da magani da ma'aikaci? Sakatare ya rubuta amsoshin. Ku gayyaci malamin asibitinku, ku zaɓi mutum biyu ko uku su kai takardar ga ɗan majalisarku kafin a zauna kan kasafin kuɗin shekara. In ba a ji ku bana ba, ku koma baɗi da sabon lissafi.