Me Ya Sa Kasafin Kuɗin Jiha Yake Makara Idan Kuɗi Ya Yi Ƙaranci?

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji a rediyo cewa gwamna ya kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokokin Jiha, an sa kuɗin taki, da na rijiyar burtsatse, da na gyaran makarantar firamare. Sai damina ta shigo ta wuce ba mu ga kome ba. Wani ya ce an cinye ne. Akwai lokacin da haka ne, amma akwai kuma wani dalili da ya kamata mu gane. Shekarun 2015 da 2016 sun isa misali.

Kasafin kuɗi kintace ne na abin da jiha take sa ran samu da abin da take niyyar kashewa cikin shekara. Yawancin jihohinmu sun dogara ga rabon da ake yi kowane wata a Abuja, kuma babban tushen wannan rabo a lokacin shi ne man fetur. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100. Kafin ƙarshen Janairu 2016 ta faɗi ƙasa da dala 30. Rabon jihohi ya ragu ƙwarai, ma'aikata da malaman makaranta da 'yan fansho suka yi watanni ba a biya su ba. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya keɓe rance na kusan naira biliyan 338 domin jihohi 27 su biya bashin albashi. A jihar Binuwai ma, a daminar 2016, gwamnati ta ba ma'aikata hutun ranar Jumma'a domin su je gona.

A irin wannan hali rubuta kasafi yana da wuya. Jiha tana duban farashin man da Gwamnatin Tarayya ta kintata kafin ta san abin da za ta samu. Kasafin Tarayya na 2016 an gina shi a kan dala 38, kuma Shugaba Buhari bai sa masa hannu ba sai 6 ga Mayu. Idan aka kai kasafin jiha majalisa, kwamitoci sukan kira kwamishinoni ɗaya bayan ɗaya su kāre abin da suka nema. Lokacin wadata wannan ba ya ɗaukar lokaci. Amma in tuwo ya yi kaɗan, kowane ɗan majalisa yana jan kwano wajen mazaɓarsa, gwamna kuma yana da nasa ayyukan, sai a yi ta ɗage zama.

To, in Janairu ya yi ba a amince da kasafi ba, gwamnati takan tsaya ne? A'a. Sashi na 122 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba gwamna izinin cire kuɗi domin ayyukan gwamnati su ci gaba, har tsawon wata shida, muddin bai wuce gwargwadon abin da aka amince da shi a bara ba. Nan ne abin yake shafarmu mu mutanen karkara. Ofisoshi za su buɗe, za a sa wa motocin gwamnati mai, amma sabon aiki irin su kwalbati ko ɗakin shan magani sai ya jira doka. Idan an sa hannu a watan Afrilu ko Mayu, sai an tallata kwangila, a zaɓi ɗan kwangila, a sake masa kuɗi. Kafin nan ruwa ya sauka, hanya ta lalace, mota ba ta shiga. Takin da ya iso bayan masara ta yi goyo, me zai yi wa manomi? Sa hannun ma ba ya kawo kuɗi. In abin da ya shigo bai kai abin da aka kintata ba, albashi da biyan bashi ake fara duba, manyan ayyuka su ne ake yankewa.

Sauran ƙudurorin doka su ma sukan maƙale. Ƙuduri yakan bi karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa shi ga kwamiti, a yi karatu na uku, sa'an nan a kai wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun sāke amincewa kafin ya zama doka, abin da ba kasafai ake gani a jihohi ba. Duk ƙudurin da zai jawo sabon kashe kuɗi, kamar kafa kwaleji ko wata hukuma, yakan kwana a kwamiti in aljihu ya bushe. Majalisa kuwa shekara huɗu take yi, abin da ba ta gama ba sai sabuwa ta faro shi daga farko. Amma neman izinin cin bashi ba ya daɗewa a gabansu, ko da yake daga rabon watanni masu zuwa ake cire kuɗin biyansa.

Saboda haka, in an ce an sa aikin ƙauyenku cikin kasafi, ku yi tambaya uku. An sa wa kasafin hannu? Nawa aka rubuta wa aikin, a ƙarƙashin wace ma'aikata? An saki kuɗin? Ɗan majalisar mazaɓarku ya kamata ya amsa, gama aikinsa ke nan. Dattawa, da zumuntar mata, da matasa za su iya rubuta masa wasiƙa ɗaya tare da sa hannun mai unguwa, su riƙe kwafi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ake shirya kasafin baɗi, musamman in majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a.

Game da taki da iri kuwa, shawararmu ita ce ƙungiyoyin manoma su tara kuɗi tun lokacin kaka su saya da rani, a kuma tanadi takin gargajiya. In na gwamnati ya zo a kan kari, sai a ƙara da shi.