Kunama: Abin Kiwo Ce Ko Abin Gudu?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke ajiye kunama a ɗaki cikin akwatin gilashi, suna ba ta abinci, suna kallonta don sha'awa. Hotunansu na yawo a wayoyin salula har ƙauyukanmu. A kasuwannin ƙasar Hausa kuma an daɗe da sanin gardawa masu wasa da kunama, waɗanda ke ɗora ta a hannu ko a fuska sannan su tallata magani. Yaro na iya ganin haka ya kama kunama ya sa a gwangwani, ya ɓoye a ɗaki. Idan kuna zaune a Rumbu ko wani ƙauye na yankin Dakoro, ga abin da ya kamata ku sani kafin hakan ta faru a gidanku.

Wace irin halitta ce kunama?

Kunama dangin gizo-gizo ce. Tana da ƙafafu 8, da hannuwa 2 masu kama da awartaki, da wutsiya mai gaɓoɓi. A ƙarshen wutsiyar ne ƙari yake, inda take ajiye dafi. Da rana tana ɓuya cikin rami, ko tsagar bango, ko ƙarƙashin dutse. Da dare take fita farautar gyare, da gara, da kyankyaso. Tana iya yin watanni ba ta ci kome ba.

Kunama ba ta saka ƙwai. Haihuwa take yi, sai ƴaƴan su hau bayanta su zauna har su yi saɓar farko. Saboda haka wanda ya kawo kunama guda gida, wata ƙila ya kawo mai ciki, ya wayi gari da kunamu da yawa.

Akwai irin kunama fiye da 2,500 a duniya. Kaɗan ne daga cikinsu ke iya kashe mutum, amma wasu daga cikin waɗannan kaɗan ɗin a hamadar Sahara da bakinta suke zaune.

Kunamar da Turawa ke kiwo ba irin tamu ba ce

Wadda aka fi ajiyewa a Turai da Amurka ita ce wata ƙatuwar baƙar kunama, dangin wadda Hausawa ke kira duwu. Masana na ce mata Pandinus imperator. Tsawonta na kai santimita 20. Mazauninta dazuzzuka masu laima ne na ƙasashe irin su Gana, da Togo, da Benin. Duk da girmanta, dafinta ba shi da ƙarfi. Harbinta bai wuce na zuma ba ga yawancin mutane. An yi ta kwasarta ana kai wa waje har aka ji tsoron kada ta ƙare. Don haka a shekarar 1995 aka sa ta cikin yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda ta ce ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini.

Kunamun ƙasa mai rairayi da zafi irin tamu daban suke. Yawancinsu ƙanana ne ko matsakaita, masu launin ƙasa ko rawaya, wasu kuma baƙaƙe. A Nijar ana samun dangi biyu da likitoci ke jin tsoro ƙwarai, wato Androctonus da Leiurus. Ga alama mai sauƙin riƙewa: kunama mai manyan hannuwa da siririyar wutsiya ta fi dogara ga ƙarfin kamu, mai siraran hannuwa kuwa, musamman in wutsiyarta na da kauri, da dafi take aiki. Girma ba shi ne ma'auni ba. Kada ku tsaya auna ta ma. Kowace kunama kuka gani a gida, ku ɗauke ta a matsayin mai haɗari.

Shin kunama tana sabawa da mutum?

Ba ta sabawa. Akuya ta san muryar mai ita, kare ya san gidansu. Kunama ba ta san wanda ya ciyar da ita ba. Ko ta shekara a hannunku, ranar da kuka matse ta za ta yi harbi. Masu kiwonta a Turai ma ana gargaɗinsu kada su riƙa ɗaukarta da hannu.

To yaya gardawa ke yi? Sun san yadda ake riƙe ta, kuma sau da yawa an karya tsinin ƙarin kafin a fito wasa. Mai kallo ba ya ganin haka. Babu wani tsimi ko laya da likitoci suka tabbatar yana hana dafin kunama aiki a jikin yaro.

A shekarun nan kuma ana yaɗa cewa dafin kunama na kawo miliyoyi. Gaskiya ne masu haɗa magani na sayen dafi, amma ɗan kaɗan ƙwarai, kuma daga wuraren da ke da kayan aiki da izini. Wanda ya ce ku tara masa kunamu a gida, ko ku biya kuɗin rajista, ku yi hattara da shi.

Wa ya fi shiga haɗari?

Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya ƙiyasta cewa kunama na harbin mutum fiye da miliyan 1.2 a duniya kowace shekara, kuma fiye da 3,000 na mutuwa. Babban mutum mai lafiya yawanci zafi ne kawai yake sha, ya warke cikin kwana ɗaya ko biyu. Yaro ba haka ba ne. Jikinsa ƙarami ne, dafin da zai sa uba kuka yana iya taɓa zuciyar ɗa da huhunsa. Binciken da aka yi a sashen yara na asibitin Agadez a 1999 ya nuna cewa wajen ɗaya cikin biyar na yaran da aka kwantar saboda harbin kunama sun rasu. Tsofaffi, da mata masu ciki, da masu ciwon zuciya su ma suna bukatar kulawa.

Harbi ya fi yawa da bazara da farkon damina, lokacin da ake kwana a tsakar gida, da kuma lokacin kaka in ana ɗaukar damman gero.

Abin yi idan kunama ta yi harbi

• Ku kwantar da hankalin wanda aka harba, ku hana shi gudu.
• Ku wanke wurin da ruwa da sabulu.
• Ku cire zobe ko awarwaro.
• Ku ɗora tsumma mai sanyi, ko ƙanƙara da aka naɗe cikin ƙyalle.
• Farasitamol na rage zafi. Na yaro daidai da nauyinsa.
• In yaro ne, ku kai shi gidan likita nan take, ko da dare ne. Kada ku jira ku ga yadda za ta kaya.

Kada ku tsaga wurin da reza. Kada ku tsotsa da baki. Kada ku ɗaure hannu ko ƙafa da igiya ko roba. Kada ku ƙona wurin, ko ku shafa fetur, ko kananzir, ko baƙin garin batir. Waɗannan ba sa fitar da dafi; rauni suke ƙarawa, kuma suna cinye lokaci.

Alamomin da ke cewa a gaggauta

Zufa mai yawa, dalalar miyau, amai, rawar jiki, rashin natsuwa, numfashi da sauri ko da ƙyar, sanyin hannu da ƙafa, kumfa a baki, miƙewar gaban yaro namiji, ko suma. Suna iya bayyana cikin awoyin farko. Duk wanda ya nuna ɗaya daga cikinsu, babba ko yaro, yana bukatar likita. Ma'aikacin lafiya na iya yin allurar kashe zafi, ya duba zuciya da numfashi, ya tura mara lafiya asibitin Dakoro in ya ga akwai bukata. Tun da hanya na da nisa, ku san tun yau wane ne mai babur ko amalanke da za ku tasa da dare.

Yadda za ku raba gidanku da kunama

• Ku kakkaɓe takalmi, da tufafi, da tabarma kafin amfani.
• Ku kwantar da yara a kan gado, nesa da bango, cikin gidan sauro da aka cusa gefensa.
• Ku fita da tocila da takalmi da dare.
• Ku nisanta tarin itace, da kara, da tubali daga wurin kwana.
• Ku toshe tsagar bango da ramukan ɗaki da laka.
• Ku juya dami ko dutse da sanda kafin ku sa hannu. Haka ma a rumbun hatsi da ƙarƙashin randa.
• Ku bar kaji da zabi su yi kiwo a tsakar gida, domin suna cin kunama.

A daji kunama na da amfani, tun da tana rage ƙwari. Can ne wurinta. Idan yaronku na son kiwo, ku ba shi tantabara, ko kaza, ko zomo, abin da zai san shi, ya hayayyafa, ya kawo kuɗi. Ku karanta wa maƙwabtanku wannan bayani, ku kuma gaya wa yara su kira babba duk lokacin da suka ga kunama. Rigakafi ya fi magani.